Sunan da Mama Ba Ta Faɗa

Saura kwana uku tafiyar Mama, na ɗauko kujera na ajiye a tsakar gidanmu na Kakuri, na ce mata, "Mama, yau ni ne jami'in shige da fice na Ingila, ba ni fasfonki." Ta miƙo min tana murmushi. Na tambaye ta wurin wa za ta, ta ce wurin 'yarta. Na ce yaya sunanta? Sai ta kawar da kai, ta hau gyara bakin zaninta. Can ta ce, "Auta, kai ba ka san sunan yayarka ba ne?"

Gabana ya faɗi. Yaya ce 'yar fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Mama ba. "Yayarku" take cewa, ko "ta Ingila". Alkunya ce irin wadda aka tashe su da ita. Amma jami'in da ke zaune bayan gilashi a Landan bai san alkunya ba. Abin da zai gani shi ne tsohuwa ta ce ta zo wurin 'yarta, an tambaye ta suna ta yi shiru. Wata biyu na yi ina fama da takardu, ni da Yaya muna ta waya dare da rana, ba wanda ya tuna cewa mai tafiyar ita ce za ta tsaya a gaban mutanen nan ita kaɗai.

Abin da ya sa muka saki jiki, ta taɓa zuwa da bizar wata shida, mijin Yaya ya rako ta, shi ya yi duk maganar. Ta kuma yi aikin Hajji, inda hukumar alhazai ke riƙe da komai, kana cikin ayari, in ka ɓace anko ɗinka ya dawo da kai. Wannan karon Yaya ta kusa haihuwa, muka nema wa Mama bizar shekara biyu. Ingila na bayar da ta shekara 2, 5 ko 10, sai dai mutane da yawa a nan suna yi mata gurguwar fahimta. Tsawon bizar daban, tsawon zama daban: ko ta shekara goma ce, kowane zuwa ba ya wuce wata shida, kuma in suka lura mutum ya mai da ziyara zaman dindindin, yana fita yana dawowa, suna iya tsayar da shi a ƙofa. In ka biya kuɗin doguwa suka ba ka gajera, ba a mayar maka da ragowar. Wata maƙwabciyarmu da ɗanta ke Kanada ta yi ta ce wa Mama ai shekara biyar za ta iya yi. Gaskiyarta a can ne, domin tun 2022 Kanada ta yarda iyaye da kakanni su zauna har shekara biyar a zuwa ɗaya, da sharaɗin inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000. Kowane gari da irin tsarinsa.

Wani mai cike wa mutane fom ya ba ni shawara in ranto miliyoyi in zuba a asusun Mama don ya yi kauri. Na ƙi, kuma har yau ina gode wa Allah da na ƙi. Mama matar tsohon ma'aikacin masaƙa ce. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, da injin niƙa da adashi da hayar ɗaki biyu ta riƙe gidan nan. Kuɗin da ya faɗo rana ɗaya cikin irin wannan asusu tambaya yake jawowa. Muka nuna shi yadda yake, Yaya ta rubuta cewa ita ke ɗaukar nauyi, ta haɗa da takardun albashinta da na gidan da take haya. Muka je Abuja aka ɗauki hoton yatsun Mama, biza ta fito.

Koma ga kujerar nan ta tsakar gida. Na ci gaba da tambaya, sai ga wata ɓarakar. Me za ki je yi? Ta ce, "Aiki zan je taya ta." A bakinta aiki shi ne wankan jego da dama kunun kanwa da goyon jika. A kunnen jami'i kuwa aiki abu ne da bizar baƙo ta haramta. Dokarsu ba ta hana kaka ta kula da jikanta a ɗan gajeren zuwa ba, muddin ba a mai da ita mai raino da ake biya ba. Ban koya mata ƙarya ba, ba kuma zan iya ba. Cewa na yi ta faɗi ainihin abin da ke ranta: za ta je ganin 'yarta da jikanta, ta yi wata uku, ta dawo gidanta. Ranar haihuwar Mama ma sai da muka maimaita, domin 1 ga Janairu da ke cikin fasfo ranar takarda ce, ita lissafinta da kaka da damina take yi.

Batun suna ne ya fi tsaya min a rai. Ban ga dalilin da zan tilasta wa mahaifiyata ta karya abin da ta riƙe shekara arba'in saboda tambayar minti biyu ba. Na samo farin kati na rubuta da manyan baƙaƙe cikin Ingilishi: sunan Yaya, adireshinta, lambar wayarta, ranar dawowa, da cewa mai wannan kati Hausa take ji. Na haɗa da tikitin dawowa da wasiƙar gayyata, duk a buge a takarda, don layinta na nan ba lallai ya yi aiki da ta sauka ba. Ta juya katin ta ce, "To, wannan zai faɗa a madadina." Na ce, "Zai faɗa, Mama."

Da daddare muka zazzage jaka. Kilishi ƙunshi uku da kwalbar man shanu, duk na fitar, domin Ingila ba ta yarda a shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu ba. Ranta ya ɓaci sosai, tana cewa mai jego ba nama ba mai, wace irin ƙasa ce wannan. Garin kunu da kuka da yaji suka tsira, na ce in an tambaya ta buɗe ta nuna. Maganin hawan jininta na wata huɗu da takardar likita na sa a jakar hannu. Inshora ma na saya, don baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kuɗin magani da ƙarin rabinsa.

Shawarar da ta fi amfani ita ce neman keken guragu daga kamfanin jirgi kwana biyu kafin tashi. Da farko ta ƙi, ta ce ƙafafunta lafiya lau. Na lallashe ta da cewa ba don ƙafa ba ne, don a samu mai raka ta ne tun daga bakin jirgi har ƙofar fita. Muka haye gada zuwa Rigasa, jirgin ƙasa ya kai mu Idu, muka kwana a Abuja wurin ƙanin Baba.

Fiye da awa shida tana sama, ni ina ƙasa riƙe da waya. Da Yaya ta kira, muryar Mama na fara ji. Wata jami'a ce ta same ta, ta karanta katin, ta tambayi tsawon zama, Mama ta ɗaga yatsu uku. Aka buga mata hatimi.

Da wata ukun ya kusa cika, Yaya ta so a ƙara mata biyu, tunda akwai sauran dama. Na ce uku muka rubuta, uku ta nuna da hannunta, kuma muna son ta sake komawa. Mama ce ta raba gardamar. Ta ce rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, ba ta jin kiran salla, kuma ta bar injinta a hannun yara. Ta dawo a ranar da ke kan tikiti. Katin yana nan cikin jakar fasfonta, ta naɗe shi a leda, ta ce in gyara kwanan wata kawai idan tafiya ta sake tasowa.