Ran Da Na Zama Ɗan Sandan Ciki

Tun ina yaro Allah ya jarrabe ni da son littattafan nan na Turawa waɗanda a ke kashe mutum a farkonsu, sa'an nan a yi ta neman wanda ya kashe shi har shafin ƙarshe. Gidanmu yana Mpape, watau garin nan na bisa duwatsu bayan Maitama, inda a ke fasa dutsen ginin Abuja. Wanda ya san wurin ya san ba a rasa ƙura da ƙarar nakiya. To, cikin wannan ƙara na saba karatu, har in na riƙe littafi ko kiran tuwo ba na ji.

Cikinsu duka babu wanda ya shiga raina kamar Crooked House, na Agatha Christie, Baturiyar Ingila, wanda aka buga a 1949. Labarin wani tsohon attajiri ne da ya tara 'ya'ya da jikoki gida guda, aka sa masa dafi cikin maganin allurarsa. Yana da amarya wadda ya girma da shekara wajen hamsin. Nan da nan mutanen gidan suka nuna ta, gama in ita ce kowa ya huta, ba jininsu ba ce. Ba zan faɗi wanda ya yi ba, kada in ɓata wa masu zuwa laburare. Amma na lura binciken kisan kaɗan ne, yawancin littafin tonon asirin gidan ne. Mu ma muna da mai kama da shi, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda ɗa ya kashe ubansa, tushen abin kuwa wani aure ne da dukiya ta ƙulla. Sai dai a can babu mai bincike, kome a gaban mai karatu a ke yinsa.

A watan Satumba na 1 ga shekarun nan da ba mu mantawa, 2018, ƙasa ta yi ta motsi a Mpape, mutane suka firgita. Ba a yi mako uku ba Baffana, ƙanen ubana, direban tifa, ya ci tuwon dare a ɗakin amaryarsa, ya tashi zai yi alwala, sai ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a sami mota ya cika. Da hantsi aka kai shi. Ko sadakar uku ba a yi ba Gwaggo ta soma cewa, "Lafiya lau ya shigo gidan nan. Tuwon wa ya ci?" Ba ta ƙara kome ba, amma daga ran nan ba wanda ya sāke shan ko ruwan randar amarya.

Ni kuwa na ce ga ranar karatuna ta zo. Na fara da tambayar da masu bincike ke farawa da ita, wa zai ci riba? Mai 'ya'ya in ya mutu tumunin dukiyarsa matansa za su raba, su biyu. Tifar ba tasa ba ce, gidan ɗaki huɗu ne, ba shi da takarda. Kasonta ko kuɗin kayan ɗakinta bai kai ba. Na bi sawun tuwon, ashe yara sun yi ɗumame da sauransa da safe, ko ciwon ciki ba wanda ya yi. Daga nan na tafi wurin yaron motarsa. Shi ya buɗe mini aljihun tifa, sai ga katin asibiti an rubuta hawan jini, ga ƙwayoyi na wata biyu ko ɓare su ba a yi ba. Ya ce maigida ya bar sha don suna sa shi yawan fitsari, ga shi da yawan sawu a ke biyansu.

Kai, ran nan ji na ke babu kamata! Bayan sallar isha na shiga tsakar gida na baje katin da ƙwayoyin bisa tabarma, na yi bayani daki-daki, kamar yadda a ke yi a babin ƙarshe. A littafi, nan ne kowa kan yi tsit, gaskiya ta fito. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai yaro, takarda ce ta san abin da ke cikin mace?" Baba ya ce in kwashe tarkacena, ba a yi wa manya gardama ana zaman makoki.

Uwargida ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Bayan arba'in na same ta tana tsince shinkafa, na ce, "Inna, kin san da maganin nan?" Ta daɗe ba ta ɗaga kai ba, kana ta ce, "Ni ke ba shi da hannuna kowace safiya. Da ya yi aure na ce wadda ya kawo ta riƙa ba shi." Na ce, "Kin gaya mata?" Ta ci gaba da tsintarta.

Amarya ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakin nan. Ni kaɗai ke cin abincinta, shi ma a ɓoye. Ran da ta fita, yayanta ya zo da a-kori-kura ya kwashe kayanta, ba wanda ya raka ta bakin titi sai ni da yara biyu. Katin asibitin yana nan wurina, da shi na ke sa alama in na tsaya da karatu.