Degel: Yadda Jama'ar Shehu Suka Ɗaure Kaya

Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ta hanyar arewa, watau wadda ta nufi Illela da iyakar Jamhuriyar Nijar, zai wuce Kware ya isa Gwadabawa. A cikin ƙasar Gwadabawan nan ne Degel yake, ba nisa da Cimmola. Baƙon da ya zo da zaton ganin ganuwa da soraye zai sha mamaki, gama wuri ne na karkara, ƙasar gero da kiwo. Abin da ke kawo masu ziyara shi ne kaburburan magabata, ciki har da na Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifin Mujaddadi Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Amma ga wanda ya san tarihi, Degel gida ne da aka tashi daga cikinsa. Mu kuwa da aikin gwamnati ko fatauci ke ɗaga mu daga wannan gari zuwa wancan, ya kamata mu dubi yadda aka yi wannan tashin.

An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, amma a Degel ya girma, nan kuma ya zauna da iyalinsa da almajiransa bayan yawon wa'azinsa na ƙasashen Kabi da Zamfara. Da jama'a ta yi yawa sai sarakunan Gobir suka tsargu. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi ban da Shehu, ya kuma hana rawani da lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa aka far wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, jama'a suka ƙwace su. Sai Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai, ya bar sauran. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi su tashi gaba ɗaya. A watan Zulƙida na 1218, watau Fabrairu 1804, aka kama hanyar Gudu, tafiyar kimanin mil 30, can bakin iyakar Gobir ta yamma.

To, jama'a masu karatu, a tsaya a dubi lokacin. Fabrairu rani ne, an gama kaka, hatsi yana rumbu. Ta wani fanni wannan sauƙi ne, domin ƙasa ta bushe, babu taɓo, babu rafin da zai tare hanya. Ta wani fannin kuwa nan asarar take, gama rumbu ba ya hawa jaki. Abincin shekara ne a jibge, mutum kuwa ba zai ɗauki fiye da abin da taiki da mangala za su ci ba. Duk wanda ya san gidan karkara ya san abin da ke gaban matan gida a irin wannan rana. Ƙwarya da akushi da faifai ba su da nauyi, a jera su cikin juna a ɗora bisa gammo. Amma randa fa? Dutsen niƙa fa? Turmi ma sai an yi shawara a kansa. Rijiyar da aka haƙa da itacen da aka dasa ba a maganarsu, balle kabarin uba.

Cikin wannan hali abin da tarihi ya fi riƙewa shi ne zancen littattafai. Wani malami Ba'abzine, abokin jama'a, mai suna Agali, shi ya taimaka da raƙuma aka ɗora littattafan Shehu. Kada mai karatu ya ɗauka irin littafin yau ne mai ɗinki da bango, wanda in ya ɓace a je kasuwa a sayi wani. Littafin wancan zamani warƙoƙi ne a sake, rubutun hannu, a haɗa su cikin tadarishi a ɗaure da tsirkiya, sa'an nan a sa a gafaka. In ɗaurin ya kwance, iska ta ɗauki warƙa goma, to sai an sami wani malami mai irinsa a wani gari a roƙa a kwafa. Takardar kanta daga ƙetaren Sahara fatake suke kawo ta, da tsada ƙwarai. Kowane littafi aikin watanni ne na mai kwafa. Saboda haka bayan raƙumin da zai iya ɗaukar gero, a lokacin da kowa ya san za a nemi geron, sai aka ba littafi. A ganina babu abin da ya bayyana ko su wane ne mutanen Degel kamar wannan rabon kaya.

Mu kuwa yau yaya muke yi? Takardar canjin wurin aiki ta zo, ko ciniki ya koma wata kasuwa, sai a yi shiru har ana gobe mota za ta zo. Sa'an nan a tashi da gaggawa: gado da katifa da kujeru su ne farko, fanteka da kumbo da tasoshin uwargida a naɗe su da tsumma da kyau. Littattafai fa, da takardun gida da na gona, da shaidar karatun yara, da littafin bashi na kanti? Su ne ƙarshe, a zuba su cikin wani ruɓaɓɓen kwali a cusa a bayan mota, inda ruwa zai same su in damina ce, in kuma sun tsira a jibge su a ƙasa a sabon gida gara ta gama da su. Alhali kujera in ta karye kafinta yana nan, takardar fili kuwa in ta salwanta sai shari'a. Kamata ya yi su zama farkon abin da za a ɗaure, tun da sauran mako biyu ko uku, a cikin akwati mai makulli da leda a ciki, maigida ya riƙe su kusa da shi a gaban mota. Alƙur'ani da littattafan addini a sama suke zama, ba a ɗora musu kome.

Akwai kuma kayan da ba naka ba. Tsani ko galmar da aka aro wurin maƙwabci, ajiyar da wani ya ba ka, bashin mai nama da na mai itace, kuɗin haya da na wuta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka, ya bar Sayyadina Ali a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar nan da yawansu ba su bi shi ba. Ma'aikacin da ya sulale da asuba don kada mai gida ya gan shi, ya tuna da wannan.

Ayarin Degel ya bi ta Kalmalo da Ruwawuri ya sauka Gudu, da tsofaffi da yara; Nana Asma'u 'yar Shehu tana da shekara goma ko sha ɗaya a lokacin. Waɗanda suka biyo baya sun sha wuya, gama Yunfa ya sa mahaya su tare hanya su ƙwace dukiyar masu ƙaura. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a a gindin wani faru, a watan Yuni kuma aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. Gudu ma ba ta zama gida ba. Ƙarancin abinci da yaƙi suka sa aka yi ta ɗaure kaya ana kwancewa: Sabon Gari a ƙasar Zamfara, Gwandu cikin 1805, daga baya Sifawa, sa'an nan Sakkwato cikin 1815, inda Shehu ya rasu a 1817. Bai sake komawa zama a Degel ba, ko bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808 hanya ta buɗe. Littafinsa Ihya'us Sunna, wanda ya wallafa tun yana Degel, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Adamawa.