Ashe Akwai Ƙarfen da Ke Shan Mai!

Jama'a, ashe akwai ƙarfen da ke shan mai ya adana a cikinsa! A fankar murhun itace na gan shi, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Duk wanda ya yi hunturu a karkarar Manitoba ta ƙasar Kanada, inda sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ya san darajar wannan 'yar fanka. Murhun rufaffen akwatin ƙarfe ne, itace na ci a ciki, ita kuma tana maƙale a bayansa, tana zuƙo iska daga ƙasa, ta bi da ita ta jikin ƙarfen mai zafi, ta huro cikin ɗaki. Tamu sai ta kama kuka, ƙiii-ƙiii, ga karkarwa, iskar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Har na fara cigiyar sabuwa, wani dattijo maƙwabcinmu ya ce in kwance ta tukuna.

Na bari murhu ya huce sarai, na zare waya daga soket, na kwance notuna. Subhanallahi! Fukafukan nan ƙanana, jere a zagaye, kowanne ya cika maƙil da toka da ƙura da gashin kyanwa, sun dunƙule sun yi tauri. To ina za su ɗebi iska? Kuma da yake dattin ya fi yawa a gefe guda, shi ke sa ta rawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, a hankali, don in fiffike ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku. A jikin wani na ga ɗan ƙarfe a maƙale. Dattijon ya ce kul na taɓa, masana'anta ce ta sa shi don daidaita nauyi.

Sai ga babban abin! Sandar injin tana juyawa ne a cikin bushin biyu na tagulla, irin na fankar tebur da masu gyara ke canzawa a gida. Daga garin tagulla ake matsa su a gasa, shi ya sa suke da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, kamar soso. In sanda ta juya ta yi ɗumi, man ya tsattsafo. In ta huce, ya koma ciki. Kewaye da kowanne akwai ɗan ƙyalle mai riƙe ajiyar mai. Namu ya bushe ƙamas! Na ɗiga mai, ina kallo ya shanye nan take.

Man injin lantarki ake so, mai lamba SAE 20, irin 3-IN-ONE na shuɗin gwangwani. WD-40 kuwa wanke ɗan man da ya rage zai yi. Ɗigo 2 ko 3 a kowane gefe ya isa, in ya yi yawa ƙura yake tarawa.

Na mayar, na hura wuta, shiru! Ashe tana da makunnin da ke jiran ƙarfe ya yi zafi. Can sai na ji ƙas, iska mai ɗumi ta taso har bakin ƙofa, babu kuka babu rawa!

A yi wannan kowace shekara kafin sanyi ya shigo. Fanka mai rufaffen boris ba ta buƙatar mai, shara kawai. Amma in ka kama sandar ka ji tana lilo gefe da gefe, bushin ya cinye, wannan kam sai canji.