Daren Da Na Saurari Albam Ɗin Ɗana

Wasunku sun riga sun ji, don unguwarmu ba ta iya riƙe magana. Yarona na biyu ya yi waƙa, kuma ba guda ɗaya ba, albam sukutum mai waƙoƙi tara. Ni da nake jan ku sallah idan Liman ya yi tafiya, ni ne na ƙarshen ji. Bayan Magariba wani dattijo, aminin mahaifina, ya riƙe min hannu a bakin masallaci ya ce, "Malam, ashe an samu Shata a gidanka?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce.

Na nufi gida raina a ɓace, ina ta shirya maganganun da zan faɗa masa. Kafin in kai zaure sai na tuna da sana'ata ta farko, ƙafata ta yi sanyi.

Yaran yanzu da buhunan shinkafa da riɗi suka san ni. Ba su san kaset na fara sayarwa ba. Ina saurayi, lokacin Lafiya tana cikin jihar Filato, tun ba a ƙirƙiro Nasarawa a 1996 ba, ina yaron shago wajen wani ubangidana kusa da tasha. Muna da rakoda mai gida biyu. Zai sayo kaset na asali guda ɗaya daga Jos ko Kano, ya haɗo da kwalin TDK wanda babu komai a ciki, ni kuma in kwana ina kwafa. A teburinmu akwai Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, akwai Barmani Choge da mata ke aiko yara su saya. 'Yan makaranta da maƙwabtanmu Tibi da Eggon kuwa Bob Marley suke nema, da Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982 amma shekaru bayan nan bai daina tafiya ba. Can a gefe ga tafsirin Malam Abubakar Gumi. Duk rakoda ɗaya ce ke haifar su.

A wannan shago na gane mene ne albam. Mawaƙi ba ya zuba waƙoƙinsa kara zube. Akwai wadda yake buɗewa da ita don ya kama kunnenka, akwai wadda yake ajiyewa sai ka juya kaset. Mu kuwa ina ruwanmu? Idan zare ya ƙare a tsakiyar waƙa, nan muke yanke ta. Idan wuri ya rage, mu cike da waƙar wani. Na sha haɗa Shata da waƙar Indiya a fuska ɗaya, Allah ya yafe mana. Kuma cikin duk mutanen nan babu wanda muka taɓa aika wa ko kwabo.

Na bar sana'ar ne bayan karatunmu na Risala ya kai babukan ƙarshe, inda Ibn Abi Zaid ya hana sauraron kayan kiɗa da waƙa. Na tuba, na koma sayar da hatsi. Sai a daren nan, a ƙofar gidana, na lura cewa daga kiɗan kawai na tuba. Haƙƙin masu kiɗan da na ci shekara da shekaru bai taɓa zuwa min a rai ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Wa zan je in roƙa gafara?

Saboda haka da na shiga ban ɗaga murya ba. Na ce, "Kawo kaset ɗin in ji."

Ya ce, "Baba, ai ba kaset ba ne, a waya yake."

Ashe fiye da shekara guda yana tara kuɗi daga tuƙin keke. Ya tafi Kaduna, ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa waƙa-waƙa, ya biya yarinyar da ta yi masa amshi. Bayan Isha'i ya saƙala min abin kunne, na ce ya fita. Na saurara daga ta farko har ta ƙarshe, a jeren da ya yi musu, ban tsallake ko ɗaya ba. Ko alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ƙarshen magana.

Kiɗan irin na fiyano ne, wanda ya cika kunnuwanmu tun zamanin fim ɗin Sangaya. An bi da muryar ta cikin kwamfuta har tana rawa kamar ta ƙarfe. Da ƙyar na gane yaron da na koya wa Fatiha. Ya kwaikwayi Nura M. Inuwa sosai, ya ɗan lashi Umar M. Shareef, kamar yadda kowane yaro mai tasowa ke yi. Shida na soyayya ne, ɗaya ta amarya, ɗaya ta garin Lafiya, ɗaya ta mahaifiyarsa. Biyu daga cikin na soyayyar ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, don ya shiga siffanta jikin mace da kalmomin da ba zai iya maimaitawa a gabana ba. Sauran huɗun ruwa ne kawai, idan ka ji ɗaya ka ji duka.

Ta mahaifiyarsa ce ta kayar da ni. Ya kawo shekarar da kasuwa ta juya min baya, lokacin da take tashi kafin asuba tana dama kunu don a biya kuɗin makarantarsu. Ni a zatona yaran ba su lura ba. Har tsohon bokitin da take aika su da shi bakin titi sai da ya ambata. Na maimaita ta sau uku. Da safe na miƙa wa uwar wayar, ta ji rabi, ta tashi ta shige ɗaki.

Kada wani ya ce Malam ya halatta kiɗa. A kan Risala na tashi, ban kuma sauka daga kanta ba. Amma amanar ilimi ce in faɗa muku cewa magabata sun yi saɓani. Imamu Gazali ya ware wa sauraro littafi guda a cikin Ihya, ya rarrabe tsakanin abin da ake faɗa, da mai faɗa, da halin mai ji. Ibn Hazm na Andalus ya halatta kai tsaye. Tsara baiti kuwa ba a nan rigimar take ba: Nana Asma'u da waƙa ta karantar da mata, kuma dukanmu mun taso muna jin makafi suna rera Imfiraji na Aliyu Namangi a ƙofar gida. Tsoron malamanmu yana kan kayan kiɗan da abin da suke jawowa, kuma ba tsoron banza ba ne. Kun ga abin da ya faru a 2020 da Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, lokacin kullen korona, yadda matan aure suka riƙa rawa a gaban kyamara ana watsawa duniya.

Akwai wani mawaƙi ɗan Ingila, Cat Stevens, wanda albam ɗinsa Tea for the Tillerman na 1970 ya zagaya duniya. Ya musulunta a 1977, ya zama Yusuf Islam, ya ajiye jita kusan shekara talatin bai sake fitar da albam irin na da ba sai a 2006. Abin da ya tsaya min a labarinsa, ɗansa ne ya shigo da jita gidan. Ashe ba ni kaɗai ba ne uban da aka shigo wa ta wannan ƙofa.

Na tambayi nawa, "To, nawa ka samu?" Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Babu. Ya ce yanzu ba a sayen albam. Manya da bukukuwa suke ci, da YouTube, da 'yan siyasa. Wannan ta ƙarshen ta fi komai ba ni tsoro, don na san abin da ake biyan mawaƙi ya faɗa a kan iyayen mutane idan zaɓe ya matso.

Kwana biyu bayan haka ina ratsa kasuwa sai na ji muryarsa tana tashi daga rumfar masu turi. Na tsaya. Wani yaro ne da kwamfuta da tarin memori, bai wuce shekarun da nake da su a shagon tasha ba. Na ce, "Nawa kake tura wannan?" Ya ce, "Haba Malam, kai kyauta ne, kawo wayar." Na buɗe baki zan yi masa wa'azin haƙƙi, sai na kasa. Na ce Allah ya yi albarka, na wuce.

Na je wajen Liman na zayyana masa komai. Ya ce dukiyar da ka ci ba ka san inda za ka mayar ba, ka ƙiyasta ka fitar da ita sadaka da niyyar masu ita. Na ce har da su Bob Marley? Ya ce haƙƙi ba ya tambayar addinin mai shi. Tun daga nan duk Juma'a nake ware mudu biyu.

Shi kuwa yaron na gindaya masa sharuɗɗa: ba zai bar keke ba, ba zai bar sahun Asuba ba, ba zai zagi kowa don kuɗin ɗan siyasa ba, kuma ya janye waƙoƙin nan biyu. Ya amsa uku. A kan na huɗu ya ce, "Baba, sun riga sun fita, ba sa dawowa." Har yau ba mu gama wannan maganar ba, kuma ban ce masa na yarda da sana'ar ba.

Makon jiya dattijon nan ya sake tare ni bayan sallah, wannan karon ya yi ƙasa da murya. "Malam, wai wadda ya yi wa uwarsa, ta nawa ce a ciki? Tsohuwa ce ta dame ni."

Na ce, "Ta bakwai ce, Baba. Amma kada ka je rumfar turi. Zan turo maka shi da kansa, ka ba shi wani abu."