Sakan-Han: Kalmar Aro Mai Hannu Biyu

A cikin kalmomin Ingilishi da suka samu wurin zama a bakin Bahaushe, akwai wadda ake cewa "second-hand", mu kuma muka lanƙwasa ta muka ce sakan-han. Asalin ma'anarta hannu na biyu, wato abin da ya bar hannun mai shi na farko ya faɗa hannun wani. Bature yana liƙa ta ga mota da tufafi da littafi. Bai tsaya nan ba, labarin da mutum bai gani da idonsa ba, sai dai ya ji a bakin wani, shi ma sakan-han ne. Hatta hayaƙin tabar da wani ya busa kai ka shaƙa, da wannan suna likitocinsu ke kiran sa.

Tun kafin zuwan kalmar muna da namu. Rigar da wa ya tuɓe wa ƙane kwance ce, kuma ba a jin kunyar ta, domin alheri ne na cikin gida. Tufafin da ake kwancewa daga dila a Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano gwanjo ne. Rediyo ko keke kuwa sai a ce na hannu. Da aka karya darajar naira a 1986, zamanin Janar Babangida, sabuwar Fijo da ake harhaɗawa a Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai jama'a suka koma wa motocin Turai da aka hau. Nan muka samu sababbin sunaye: Baljiyam, saboda ƙasar da ake lodin su, da Kwatano, saboda tashar da ake sauke su. Yarbawa suka ce tokunbo, wato abin da ya ƙetaro teku. Mai karatu ya lura, duk sunayen nan suna faɗin inda kaya suka fito, suna ɓoye cewa wani ya more su. Ɗan kasuwa ya san inda ke yi wa mai saye ƙaiƙayi.

Ni dai ban ga aibi a sayen na hannu ba, da babu gara ba daɗi. Littattafan da suka fi amfana ta a aikin koyarwa yawancinsu da sunan wani a bangonsu na same su. Ilminmu na addini ma hannu da hannu ya iso mana. Abin da Bature zai raina ya ce labarin ji ne, malaman hadisi sun kafa masa isnadi, suka tantance wane ya ji daga wane. Ashe yawan hannuwa ba ya rage darajar abu, sai in hannuwan ba na amana ba ne.

Inda kalmar ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda aka ɗauke ta daga kan kaya aka ɗora wa mutum. Na sha jin samari, har da ɗalibaina, suna kiran bazawara sakan-han, suna dariya. Ko sun manta cewa Nana Hadiza ta yi aure kafin Manzon Allah (SAW) ya aure ta, kuma a cikin matansa Nana A'isha kaɗai ya aura tana budurwa? Matar da mijinta ya rasu, ko aka sake ta ba da laifinta ba, uwar wani ce, 'yar wani ce. Duk ranar da muka yi mata sunan da ake yi wa tsohuwar taya, mun koya wa 'ya'yanmu cewa mace haja ce. Abin mamaki, namijin da ya saki uku ba wanda ke kiran sa da wannan suna.

Aron kalma ba laifi ba ne, haka kowane harshe ke girma. Amma mu bar ta a kasuwa, wurin dillalan mota da 'yan gwanjo, kada mu shigo da ita zancen aure. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane.