Tsofaffin motocinmu na tafiya kilo-kilo



Mu da muka tashi a Maraɗi mun san Turawan nan da a da suke zuwa yawon buɗe ido cikin mota mai ɗaki, gado da murhu duk a ciki. Su biyo ta Tamanraset da Agadas, su tsaya inda dare ya same su. Wasu da Peugeot 504 suke ƙetaro hamada, su sayar a nan su koma gida ta jirgi. A ƙasarsu akwai gidajen tarihi na motoci zalla, mutum ya biya kuɗi ya shiga kallon tsohuwar mota. Da can dariya abin yake ba mu, yanzu kam mun fara gane dalilinsu.

Ku dubi Legas. A gidan tarihin Onikan an ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Har yau ramukan harsashi suna nan a jikinta. Yaron da ya gan ta da idonsa ba ya mance wannan rana. A Yamai ma, gidan tarihin Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana riƙe da gawar itaciyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kaɗe a 1973. Busasshen itace ne, amma an yi masa rumfa.

To mu fa? Garin nan mota ce ta raine shi. Manyan motoci ne suka kwashi gyaɗarmu ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano, inda jirgin ƙasa yake. Da su alhazanmu suka yi suna, da su aka yi auren iyayenmu. Ga su can bayan garaji, tsofaffin Berliet da 404, akuyoyi na kwana ƙarƙashinsu, sai ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka yanka su kilo-kilo. Direbobin da suka tuƙa su ma, kullum sai mu ji an rasa ɗaya.

Ba mu da mota mai ɗaki, kuma ba ma bukatarta. Hutun makaranta in ya zo, mu haɗa kuɗin mai, mu cika mota ɗaya da yara. A kai su fadar Sarkin Gobir a Tibiri, a biya ta gonakin rani na Jiratawa, a dawo a tsaya wurin tsohon direban unguwa. Ya nuna musu yadda ake tada mota da hannu, ya faɗi kwana nawa ake yi zuwa Yamai kafin kwalta. Mu ɗauki muryarsa da hoton motarsa a waya.

Mai tsohuwar mota a gida kuwa, don Allah Alhaji ka dakata kafin ka sayar. Mu haɗu mu roƙi magajin gari fili da rumfa, ko mota biyar muka samu a fara da su.