Ruwan shekara 41 a Daura

Mu 18 ne muka tashi daga Katsina ranar wata Asabar da sassafe, dukkanmu 'yan aji biyar na makarantar kwana, tare da malaminmu na Turanci. Tun mota ba ta tashi ba ya gindaya mana sharaɗi. Ya ce duk abin da aka faɗa mana a Daura zai maimaita shi da Turanci, mu kuma mu rubuta, ranar Litinin kowa ya kawo rahoto na shafi ɗaya, kuma makin zai shiga sakamakon zango. Muka ce ai wannan cin tuwo ne. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, kafin rana ta yi zafi mun isa.

Rijiyar Kusugu muka fara zuwa. An kewaye ta da gini, sai ka shiga ciki za ka gan ta, kuma har yanzu da ruwa a cikinta. Wani dattijo ya ba mu labarin da kowa ya sani tun firamare, amma jin sa a bakin rijiyar daban yake: macijiya mai suna Sarki da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa bai samu ba, yadda ya je ya sare kan macijiyar, da yadda daga baya ya auri Sarauniya Daurama.

Malam ya juya ya ce da Turanci wannan tsohon "tale" ne, wato labari. Kusan rabinmu muka rubuta "tail", wato wutsiya. Kada ku yi mana dariya, zancen maciji ake yi, wutsiya ce ta fara zuwa mana a rai. Kunne kuwa ba shi da laifi, domin ko a bakin Baturen Ingila kalmomin biyu sauti ɗaya suke da shi. Irinsu ne ake kira "homophones": furuci ɗaya, rubutu daban, ma'ana daban.

Gwanin ajinmu ma bai tsira ba. Da Malam ya ce Bayajidda ya iso "at night", sai ya rubuta "knight", wai ai jarumi ne a kan doki. Malam ya leƙa littafinsa ya yi murmushi, ya ce wannan harafin "k" da ba a furtawa ba don ado aka sa shi ba. A da can Turawan Ingila suna furta shi. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, daga nan rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuma ya ci gaba da sauyawa. Sai aka wayi gari jarumi da dare sun haɗu a baki, a takarda kuma kowa na gidansa.

Aka jawo ruwa muka sha, mai sanyi. A nan ne kuma wata matsalar ta fito. Malam ya nuna gugan ya ce "pail". Mu huɗu muka rubuta "fail", faɗuwa jarabawa. Ya ce mu lura, wannan ba irin na ɗazu ba ne. "Pail" da "pale" su ne tagwaye na gaske. "Fail" kuwa bakinmu ne ya cusa shi cikinsu, saboda Hausa ba ta raba sautin "p" da na "f". Bature yana jin bambancin sarai. Kuma ya tuna mana cewa Turancin WAEC yana da takardar da ake gwada sautuka a cikinta, inda za a jera maka kalmomi a ce ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da na wata. Duk wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ya san ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Nan take dariyar ta ragu.

Daga nan muka taka zuwa ƙofar fada. Ba mu shiga ciki ba, muka tsaya daga waje muna kallon dogarai da jajayen kayansu. Wani saurayi ya wuce yana jan doki, aka ce mana in muna son ganin dawaki na gaske mu dawo lokacin Sallar Gani, a watan Maulidi. Malam ya faɗa mana cewa masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Ya ce marigayi Sarki Muhammadu Bashar ya hau gadon sarauta a 1966 ya rasu a 2007, sannan Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi. Ya rufe da jimla ɗaya ta Turanci mai nufin marigayin ya yi shekara 41 yana mulki.

Ka ga kalma uku a wuri ɗaya, duk a gabanmu. "Reign" shi ne mulkin sarki. "Rein" igiyar linzamin da saurayin nan ke riƙe da ita. "Rain" kuwa ruwan sama, wanda hadarinsa ke haɗuwa ta gabas a wannan yammacin. Malam ya ce asalinsu ma ba ɗaya ba ne. Na ruwan sama tsohuwar kalmar Ingilishi ce, sauran biyun ta Faransanci suka shigo, kuma "g" ɗin da ke cikin na mulki gado ne daga kalmar Latin "regnum", wato masarauta. Wasunmu sun saurara. Wasu hankalinsu na kan dokin.

Wani ɗan ajinmu ya gaji ya ce, "Malam, gaskiya yaren nan nasu ba shi da tsari." Malam ya ce, "To, rubuta mini gari." Ya rubuta. Ya ce, "Wanne ka rubuta, wanda muke cikinsa ko wanda ake tuƙa tuwo da shi?" Ya yi shiru. Haka kuka, na jariri da ta miya. Haka fari, na launi da na rashin ruwa. Namu juyin nasu ne: a takarda iri ɗaya, a baki kuma karin sauti da jan wasali su raba su. Baƙon da ke koyon Hausa haka yake shan wahala da mu. Kuma a garin nan da muke tsaye, lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba Daura da ɗaura. Ko macijiyar Kusugu, in aka ce maka baƙo ya kashe Sarki ba ka san labarin ba, ai sai ka ɗauka juyin mulki aka yi.

Kafin mu juya gida direba ya kai mu Kwangwalam, bakin iyakar Najeriya da Nijar, inda manyan motoci suka yi layi. Malam ya ce jimla ta ƙarshe ke nan, mu rubuta cewa 'yan makarantar kwana sun iso iyaka. Wannan karon kowa ya tsaya ya yi tunani kafin ya sa biro: mu ne "boarders", wurin kuma "border". Mutum 16 suka ci.

Ranar Litinin Malam ya shigo da rahotannin, ya zaro ɗaya ya karanta ba tare da ya faɗi sunan mai shi ba. An rubuta cewa marigayi sarki "rained for 41 years". Ya cire tabarau ya ce, "Da haka ta faru, da a kwalekwale muka je Daura." Mai rahoton da kansa ya tona asirinsa, don shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Maki biyu ya rasa, kuma har yau Damina muke kiran sa.